Tseren Gashin Baki

A Malumfashi akwai wani mahauci ana ce masa Barau, mutumin da Allah ya hore wa gashin baki. Ba irin wanda ake bari don ƙyuyar zuwa wurin wanzami ba, wannan kiwonsa ake yi. Shekara goma sha ɗaya yana shafa masa man shanu yana murzawa, har gefe da gefen suka miƙe kamar ƙahon bajimi. To, ran nan da safe a teburin mai shayi, gardama ta sarƙe tsakaninsa da Tanimu mai kai kaji kasuwa, a kan babur ɗin wa ya fi gudu. Baki ya yi baki, aka yanke: ran Lahadi za a yi tsere a tsohuwar hanyar bayan gari, wanda ya zo ƙarshe a aske masa gashin baki a gaban jama'a. Aka naɗa Baba Nomau wanzami alƙali. Kai ka ji wauta! Tanimu duka-duka gashin da ke leɓensa bai kai na tsohon burushi ba, amma Barau ya miƙa hannu aka tafa.

Daga nan kowa a majalisa ya zama injiniya. Wannan ya ce a sa babban fistin, Barau ya sa. Wancan ya ce salansa ce ke danne gudu, ya ɗauko zarto ya datse ta. Wani da ko keke bai taɓa mallaka ba ya ce soson tace iska yana shaƙe inji, ya zare ya jefa a kwata. Babur ya tashi da ƙara kamar injin niƙa, amma in an murɗa totur sai ya yi luuu kamar zai suma, in an saki sai ya yi harbi, tau! tau! Awakin unguwa suka daina kwanciya a ƙofar gidansa.

Majalisa ta sake zama, ta ce mai ne ba ya isa, a buɗe jet, wato ɗan ƙarfen nan na cikin kafireta mai huda kamar idon allura, wanda mai ke bi. Barau ya fara da allura. Ya ga allura wasan yara ce, ya koma ƙusa. Harbi ya tsaya kam, sai baƙin hayaƙi ya karɓi aiki. Babur ya yi tari uku ya mutu, Barau ya buga kik har cinyarsa ta sage. Ran Asabar haka ya turo shi garejin Oga Haladu bakanike, gumi na ɗiga ta ƙarshen gashin baki.

"Oga Haladu, sammu aka yi wa babur ɗin nan. Aikin Tanimu ne, na rantse."

Haladu ya zagaya babur sau ɗaya. "Sammun ne ya datse salansa?"

"Wannan ni ne."

"Soson iska fa?"

"Shi ma ni ne. Amma sauran duk sammu ne."

Haladu ya kwance fulogi, ga shi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, yana warin fetur. Ya sauke kafireta, ya warware jet, ya ɗaga shi sama ya kanne ido ɗaya.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ba wanda ya taɓa. Haka ya zo daga kamfani."

"Barau, ka ji tsoron Allah. Ta cikin hudar nan ina hango hasumiyar masallacin Juma'a, har da ladan."

"To ɗan sosawa na yi masa."

"Da me? Da tabarya?" Haladu ya wurga jet ɗin cikin gwangwani. "Saurara. Inji da mai da iska kamar fura da nono ne. Da ka ƙara masa ciki ka buɗe masa iska, damun ya tsinke, shi ya sa yake harbi, yunwa yake ji. Kai kuma ka tashi ka ɗura masa har ya shaƙe. Ba a huda jet, sauya shi ake yi, lamba-lamba, ana duba fulogi."

"Ai ni ma abin da na ce ke nan," in ji Barau, yana murza gashin baki.

Haladu ya koma kan babur. Ya sa sabon soso, ya zazzago jet uku daga wata kwalbar magani. Ya ɗaura na farko, ya hau ya ɗan zaga ya dawo, ya kwance fulogi: fari fat kamar alli. "Yunwa." Ya ɗaura na uku: baƙi. "Ƙoshi har da amai." Ya ɗaura na tsakiya, ya ɗaga allurar kafireta mataki ɗaya, ya juya sukurun iska kaɗan-kaɗan yana kasa kunne kamar mai sauraron gulma ta katanga. Da ya dawo wannan karon, bakin fulogi ya yi ja-ja-ja, launin ƙosan da ya soyu daidai.

"Shi ke nan. Amma ka ji ni da kyau, wannan ba babur ɗin da ka sani ba ne. Ka riƙa murɗa totur a hankali, hannu biyu riƙe da kan babur."

"Ni za a koya wa babur? Ina hawa tun kana rarrafe, Oga. Da naman rabin sa a bayana nake shiga kwana!"

Ran Lahadi da hantsi gari ya fito. An ja layi da toka a gindin wata tsamiya, Baba Nomau ya ajiye kujerarsa 'yar tsugunne a gefe, yana wasa aska a tafin hannu. Aka ɗaga hula, aka saki. Wallahi aikin Haladu ya yi kyau, babur ya ɗauka sumul, ba tari ba harbi, Barau ya ba Tanimu tazarar da ta kai tsawon gona. Da ya yi shiru ya riƙe kan babur da magana ta ƙare. Ina! Saura kamar taku talatin a kai layi, sai ya saki hannun hagu, ya waiwayo yana murza wa Tanimu gashin baki, hannun dama kuma ya murɗe totur har ƙarshe don a ji ƙara.

Babur ya ɗaga ƙafar gaba kamar ingarma, ya sauke Barau daɓas a kan yashi, ya ci gaba abinsa shi kaɗai, ya tsallake toka, ya je ya kwanta cikin tarin karan dawa. Tanimu ya kewaye Barau a hankali, har da yi masa hon, ya wuce layi. Can sai ga Barau yana ɗingishi, takalmi ɗaya a hannu, yana ihu tun daga nesa.

"Na ci! Jama'a ku shaida, na ci! Baba Nomau, babur ɗin wa ya fara taka layi?"

"Naka, ɗana."

"Da tazara ko ba da tazara ba?"

"Da tazara mai yawa."

"To a zaunar da Tanimu!"

Baba Nomau ya gwada kaifin aska a farcensa, ya jawo kujera da ƙafa.

"Babur ya ci, kuma ko gashi ɗaya ba zan taɓa a jikinsa ba. Kai da ka zo na uku, zauna."