Barewar da Ta Nuna Mini Gabas

Shekarar da na sayi bindigar toka a kasuwar Tudun Wada, ji nake duk naman dajin Doguwa rabona ne. Kafin mu fita farauta har na sa maiɗakina ta daka yaji.

Sarkin Baka, shugaban maharbanmu, ya ce mini, "Ɗan nan, bayan kafaɗa ake auna barewa, ba a harbin kai."

Na ce, "To, Baba." A raina kuwa na ce wannan karatun masu rawar hannu ne.

Barewa na ɓullowa na auna kai na saki wuta, ta zube. Na zaro wuƙa, sai na tuna malami irina ba ya yanka sai ya daidaita alƙibla. Na miƙe ina nazarin rana. Ashe ƙaho na sama, suma kawai ta yi. Ina cikin nazari ta zabura, ta bangaje ni, ta yi daji.

Baba ya bi ta da kallo, ya ce, "To, ga gabas can ta nuna maka."

Yajin nan a kan dafaffen wake ya ƙare. Har yau in na shiga sahu, sai liman ya waiwayo ya ce, "Malam, mu ta da salla, ko a jira barewa?"