Ranar da na kira amarya saniya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara karanta waƙata a gaban jama'a, a bikin ƙawata Hadiza. Lokacin wata huɗu kacal na yi ina koyon rubuta waƙa wurin Kawu Garba, ƙanen mahaifiyata, tela ne a bakin babbar kasuwar Malanville. Yana taka keken ɗinki yana koya mini kari, wato ma'aunin waƙa: in karanta baiti, inda ƙafarsa ta tsaya, nan na karya. Ya kuma koya mini ƙafiya, wato kowane layi ya ƙare da sauti ɗaya.

Don bikin Hadiza na zaɓi "ya". Amarya, Gaya (can za a kai ta), duniya, gaskiya, zuciya. Sai ga baiti na ƙarshe, kalmomi suka ƙare mini ƙaf. Na yi ta juya biro har na samo ɗaya. Ban nuna wa Kawu ba (wai ina so in ba shi mamaki, ku ji fa).

Ranar wuni, dangin ango suka hayo gadar kogi daga Gaya, gida ya cika da mata. Aka miƙo mini abin magana. Wallahi na fara da kyau, kowane baiti sai guɗa. Kaina ya kumbura. Na ɗaga murya na rufe:

"Ga ta fara, ga sanyin zuciya,
Idanu manya kamar na saniya!"

Lasifikar nan mai amsa-kuwwa ce. Ta maimaita: "Saniya... niya... niya..."

Tsit. Sai wata ta tuntsire da dariya, gida ya ɗauka. Hadiza ta cusa kai cikin mayafi. Innarta ta taso: "Ke! Mi kinka ce? Ɗiyar tawa ce saniya, gaban surukai?" Na tsaya riƙe da takarda, gumi har cikin takalmi.

Sai kakar ango, tsohuwar Bafulatana, ta buga sandarta a ƙasa. "Ku bar yarinya! Ku mutanen kasuwa mi kunka sani? Wurinmu babu ido mai kyau irin na nagge, saniyar da kuke rainawa. Sake faɗi, ɗiyata!"

Na sake faɗi. Dangin ango suka rangaɗa guɗa, Innar Hadiza ta koma ta zauna tana harara ta.

Washegari labari ya riga ni zuwa shagon Kawu. Ya karɓi takardar, ya karanta a hankali. "Saniyar nan ta ba ni haushi," in ji shi, "amma tun daga farko har ƙarshe ba ki karya kari ba ko sau ɗaya. Kin zama marubuciya."

Har yau wasu na kirana Mai Saniya, ina kuma amsawa da fara'a, don bukukuwa da yawa sun nemi waƙata bayan nan. Abin da na koya: in ƙafiya ta ƙare, a rufe waƙa a zauna lafiya. Ba kowane biki ne ke da kaka Bafulatana ba.