Takardar da Za Ta Maido Ya Gana Gida

"...da gajiya kuma? Wushe, wushe, sannu da zuwa. To madalla. Sai yau ka tuna kana da mata a kasuwa?"

"Mata ko kayan tarihi? Ya Gana, tun daga bakin titi na shaƙo ki. Mai keke ma cewa ya yi in sauka, wai daga nan hanci zai ƙarasa da ni."

"Ƙamshin nan shi ya kai ka makaranta, marar kunya. Zauna kafin iska ta kwashe ka."

Hantsi ne a Kasuwar Kifi ta Baga Road da ke Maiduguri, kasuwar da a da sai ka yi da gaske kafin ka sami wurin sa ƙafa, yanzu kuwa rabin rumfunan kuliyoyi ne ke gadinsu. Ba'ana ya ja wani kwalin banda ya zauna, ya zaro takardu daga aljihu. Jikan Ya Gana ne, ɗan babban ɗanta, yana aikin buga takardu a wani shago a Moduganari. Sunan marigayi mijinta ya ci, shi ya sa tun ranar suna, shekara ashirin da shida ke nan, bakinta bai taɓa kama sunansa ba. Maigida take ce masa.

Ta san abin da ya kawo shi. Autarta Falmata, wadda ke aikin jinya a Jidda, ta biya mata Umara, sannan ta ƙara da abin da ba wanda ya roƙe ta: kwana huɗu su biyu a jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a Bahar Maliya. Saura magana ɗaya, ko a yanka mata inshorar tafiya ko a bari, kuma yau Falmata ke jiran amsa. Umara kam Ya Gana ta karɓa hannu bibbiyu. Jirgin ne ya tsaya mata a wuya. Ranar da aka tashe su daga Baga, ta faɗa kwalekwale ɗaya, mijinta ya faɗa wani. Nata ya kai tsibiri. Nasa har yau, shekara bakwai, ba wanda ya ce ya gani. Tun daga nan ko gada za a haye da ita sai ta runtse ido. Tana marmarin 'yarta, tana tsoron ruwa, kuma akwai tambaya guda da take son yi, amma tsohuwa irin Ya Gana ba ta shiga magana ta ƙofar gaba.

"To karanto mini, malamin zaure. Mece ce ita inshorar nan?"

"Kuɗi kaɗan ake ba su. In wata matsala ta same ki a hanya, su ɗauki nauyi."

"In ba abin da ya same ni fa?"

"Sai ki gode wa Allah."

"Kuɗin 'yata fa?"

"Sun tafi."

Ya Gana ta ajiye kifin da take karkaɗewa, ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ashe shekara arba'in wahalar banza nake yi da hayaƙi. Gobe ni ma zan buɗe tawa. Duk wanda ya sayi kifi ya ƙara mini wani abu saboda ƙaya. In ta maƙale masa in ba shi lomar tuwo ya haɗiye, in ba ta maƙale ba ya gode wa Allah."

"Ke wa zai amince miki? Bandar da kika sayar wa babana bara, da guduma muka ci ta."

"Haƙoranku ne na auduga. Ci gaba. Wace irin matsala suke ɗauka?"

"In jakarki ta ɓace za su biya."

"Har da abin da ke ciki?"

"Me za ki zuba?"

"Banda, kuka, daddawa, da turaren wuta da humrar da na haɗa wa Falmata."

"Shi ke nan, an gama da jirgin mutane. Kifayen teku za su biyo ku a baya suna neman 'yan'uwansu."

"Su biyo, in shanya su. Amma gaya mini, humrar da na yi wata biyu ina tsumawa, wane Bature ne zai san kuɗinta? Ya taɓa shinshinawa?"

"Za su kimanta."

"Su kimanta kakarsu. Shi jirgin, mutum nawa yake ɗauka? Ya kai na Alhaji mai kai buhunan masara tsibiri?"

Ba'ana ya yi dariya har takardu suka zube. Ya ciro waya ya nuna mata hoto. Ta karɓa, ta nisanta da ita daga ido, ta matso da ita, ta juya ta sama da ƙasa.

"Wannan ai unguwa ce. Ina masu tuƙin suke zama?"

"Inji ne. Hawa goma sha biyu, da ɗakunan kwana, da wuraren cin abinci. Kin ga wannan shuɗin a sama? Tafki ne, na wanka."

"Tafki? A cikin jirgin?"

"A ciki."

"Ruwa ya shiga jirgi har ya taru haka, kuma suna kwance a gefe suna dariya? Maigida, mu a Baga in ruwa ya shigo jirgi, babba da yaro kowa ƙwarya yake ɗauka a yi ta kwarfewa. Ba mai ƙwarya ko ɗaya a cikinsu?"

"Da gangan suka zuba, Ya Gana."

"Da gangan! To lalle mutanen nan suna bukatar inshora, amma ta ƙwaƙwalwa."

Maƙwabciyar rumfarta ta tuntsire da dariya. Ya Gana ba ta mayar da wayar ba. Ta ci gaba da kallon jirgin, tana bin ƙananan jiragen da ke rataye a gefensa da ɗan yatsa tana ƙirgawa a zuci. Abin ya burge ta, ba ta dai son jikan ya gani.

"Ka tambayi Malam? Kada ka sa ni cacar da zan je gaban Ka'aba da ita."

"Na tambaya. Ya ce akwai irin ta Musulunci, ta taimakekeniya, kowa ya zuba, wanda abu ya sama a tallafa masa. Ita Gwaggo Falmata ta zaɓa. Ya ce ɗaure raƙumi ba ya hana tawakkali."

"Kamar adashe ke nan, sai dai kowa addu'a yake kada kwasarsa ta zo."

"Kin gane. Ashe akwai sauran mai a fitilar."

"Da tsohuwar zuma ake magani, ɗan nema. Kai da ko a kwatami ba ka iya iyo ba. Ni ina da cikin ubanka na ƙetare ruwa da tulu a ka."

"Bara cewa kika yi da buhun gero."

"Duka biyun ne. Hannuna biyu ai."

"To gwanar iyo, ba a fafe gora ranar tafiya. In ciwon ƙafarki ya tashi a tsakiyar teku, akwai likita a jirgin, su za su biya shi. In abin ya fi ƙarfinsa, su sauke ki a kai ki asibiti a tudu."

"In ya fi ƙarfin asibitin fa?"

"Ke? Mala'ikan mutuwa ma sai ya toshe hanci kafin ya matso."

Ta yi murmushi, amma hannunta ya tsaya cak a kan kifin. Ta zo bakin tambayarta. Ta gyara mayafi, ta kalli wani wuri can bayan kafaɗarsa.

"Ina yarinya, wani tsohon alhaji da ya je Makka ta jirgin ruwa ya ba mu labari. Ya ce in mutum ya cika a jirgi, sai a yi masa sutura, a ɗaura masa ƙarfe a ƙafa, a zura shi cikin ruwa. Har yanzu haka ake yi?"

Ba'ana ya buɗe baki da wata zolayar a kan harshe, sai ya dubi fuskarta ya haɗiye ta. Ya tattaro takardun daga ƙasa, ya bi layi-layi da yatsa har ya sami wurin.

"Ba a yi yanzu. Ga shi nan a rubuce. In rai ya yi halinsa, za su adana mutum har a kai gaɓa, su yi duk takardun hukuma, su sa shi a jirgin sama su kawo shi garinsu, hannun danginsa."

"Har Maiduguri?"

"Har Maiduguri."

"Sake karantawa. A hankali, ba irin karatunka na mai gudun dukan malam ba."

Ya sake, yana fassara mata kalma bayan kalma. Ta saurara kamar mai sauraron tafsiri.

"In kuma jirgin ne ya kife?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Ya Gana, takarda ba ta iya nutso. Amma kin ga ƙananan jiragen da kike ƙirgawa ɗazu? Kowa da gurbinsa, da sunansa a rubuce tun kafin a tashi. Ba a tashi sai an ƙirga mutane, ba a sauka sai an ƙirga."

"Ana ƙirgawa," ta faɗa a hankali. "Mu ranar nan ba wanda ya ƙirga mu."

Wata mata ta tsaya taya kifi, Ya Gana ta ce mata ta zagayo.

"Ka san wane ruwa ne Bahar Maliya? Shi ya ci Fir'auna da rundunarsa. Amma ko Fir'auna, da duk girman kan da ya yi wa Ubangiji, ruwa ya tofo gawarsa aka gani. Mai sunanka bai taɓa barin sallah ta wuce shi ba, tafki ya riƙe shi. Ranar Juma'a in na ga mutane sun nufi maƙabarta ziyara, kishi nake ji, wallahi. Ni ba ni da inda zan tsaya."

"Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Ba'ana ya share ido da gefen hula, ya yi gyaran murya, don ya san ba ta son a tausaya mata a bainar kasuwa. "Amma ke ma da neman rigima. Mutane na kuka suna roƙon Allah ya sa a binne su a ƙasa mai tsarki, ke kina neman a yi dakonki a dawo da ke. Wa zai ɗauki wannan kaya?"

"Allah ya ba mai so. Ni maƙabartar Gwange nake so, inda keke ɗaya zai kawo ku. A gidan nan a sami kabari ko guda ɗaya da za a nuna wa yara a ce ga shi. Kuma in na yi nisa wa zai riƙa zuwa maka a mafarki yana hana ka auro mummuna?"

"Wato ko kin mutu ba saki?"

"Babu. Gaya wa Falmata ta yanka. Zan shiga unguwar tasu mai yawo, in ga tafkin mahaukatan da idona. Gani ya kori ji. Amma da ƙwaryata zan tafi."

"Na shiga uku. Za a ce kakar wane ce ke kwarfe wurin wankan mutane."

"Za su gode mini daga baya."

Ya ciro biro, ya ɗora takardar a gwiwa. "Saura layi ɗaya. Suna son sunan wanda za a kira ya karɓe ki in wani abu ya faru. Babana zan sa?"

"Ubanka da wayarsa kullum a kashe? Sai in kwana uku a filin jirgi."

"To wa?"

Ya Gana ta sunkuyar da kai tana gyara kifin da ba ya bukatar gyara.

"Rubuta sunan da ba na faɗa. Mai shi na farko bai sami wanda ya karɓo shi ba. Kai ka karɓo ni."

Ta laluba ƙasan kwali, inda take ɓoye na manyan baƙi, ta zaro wata ƙatuwar banda mai maiƙo, ta naɗe a takarda ta dangwara masa a cinya.

"Ungo. Yau ka kayar da ni, na yarda."

"Kyauta? Daga hannunki? Bari in duba ko rana ta fito daga yamma. Inshorar ƙayar fa, nawa ce?"

"Na yafe maka. In ta maƙale ka zo in ba ka tuwo. In ba ta maƙale ba..."

"In gode wa Allah."

Ta fashe da dariya har tana dafa kwali. Shi kuma ya daidaita takardar ya fara rubuta sunan, harafi bayan harafi. Ya Gana ta kau da kai gefe, kamar yadda ta saba yi duk lokacin da aka ambaci sunan a gabanta, amma ta wutsiyar ido tana bin biron har ya kai ƙarshe.