Ranar da Na Kai Surukina Ganin Dam ɗin Tiga

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na so burge surukina ba, ko da kuwa zan so in manta. Malam Sale bai taɓa ɗaukata mutum mai natsuwa ba, tun da na auri 'yarsa yake min kallon sakarai. Ni kuma na ƙudura sai na wanke kaina.

A waya na ga Turawa suna yawon buɗe ido da mota mai gado da kicin a ciki. Sai na ari bas ɗin yayana, na kwance kujerun baya kaf, na shimfiɗa katifa, na ce zan kai Malam ya ga dam ɗin Tiga da injinan wuta, mu kwana bakin ruwa. Ya amsa da ƙyar. Wayarsa a gida ya bar ta, tawa kuma na kashe (wai don kada a dame mu, ka ji mai hankali).

Kafin mu yi nisa jiri ya kama shi. Ya miƙe samɓal a katifa, ya lulluɓa da farin mayafinsa har kai. Na tsaya shan mai. Ashe wani ɗan ƙauyensu ya leƙa ta taga, ya ga mota babu kujeru, ga Malam cikin fari, ya yi salati ya hau waya.

Ruwan dai mun gan shi, Malam har ya yi murmushi. Masu gadi suka ce ba a kwana, muka juyo ina ta jin daɗi.

Da magariba muka iske ƙofar gidansa maƙil da tabarmi. Ga makara an jingine, kabari an haƙa tun azahar, surukata ta suma an yayyafa mata ruwa. Malam ya sauko da mayafinsa, sahun gaba ya watse, liman ya bar takalminsa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya dube ni a hankali ya ce, "Dama na faɗa wa uwarta, yaron nan sai ya binne ni."

Har yau in na gaishe shi, hannu kawai yake ɗagawa. In kuma an yi rasuwa a ƙauyen, ni ake fara kira a tambayi mota. Yanzu in zan kyautata wa suruki, goro nake kai masa, kujerun mota kuma ina barinsu inda Allah ya ajiye su.