Fatahun Alhaji Jatau da Jar Tarakta

Da sunan Wanda ya halicci ƙarfe, ya kuma halicci tsatsar da ke cin sa. Bayan haka, ku kasa kunne, ya ku ma'abota hankali, ku sha tarihin sadauki ɗan sadaukai, Alhaji Jatau, shugaban Ƙungiyar Manoman Kukar Zomo. Shi ne ɗan Barmo, wanda ya tari rundunar zuma shi kaɗai da tsakar rana, bai ja da baya ba sai da ya faɗa rijiya. Shi ne jikan Gwanki, wanda ya yi wata uku yana shari'a da maƙwabcinsa a kan kazar da daga baya aka tarar tana kwanci a ƙarƙashin rumbunsa. Shi ne tattaɓa-kunnen Tunau Mai Kunne Ɗaya, wanda zuriyarsa ke cewa zaki ne ya cinye ɗayan, sauran mutanen gari kuwa suka ce jaki ne.

Jatau toron giwa! Jatau gamji sha sara! Mai babbar rigar da ke riga shi isa taro, mai gyaran muryar da ke tayar da kaji daga barci, wanda bai taɓa tambayar hanya ba, don haka bai taɓa isa ko'ina da wuri ba!

Sababin wannan yaƙi shi ne, manoma arba'in da uku na Kukar Zomo sun gaji da jiran taraktar haya, wadda ba ta isowa sai damina ta yi nisa, ciyawa ta kai gwiwa. Suka yi shawara su mallaki tasu. Maza suka sayar da shanun huɗarsu kaf, mata suka kai tumaki da buhunan gyaɗa kasuwa, aka haɗa gumin shekara biyu wuri ɗaya. A taron ƙarshe aka yanke hukunci ɗaya tak: shugaba ya tafi birni, ya shiga kamfani, ya sayo sabuwar tarakta ƙarama mai shuɗin fenti, wadda ake ba ta garantin shekara biyu, in ta yi tari kuma bakaniken kamfani ya zo har gona.

Ma'ajin ƙungiya, Hajiya Tabawa mai man gyaɗa, taubashiyarsa ce, saboda haka ita kaɗai ke iya faɗa masa magana ba ta tauna ba. Ta ce, "Shugaba, ka tafi da Gambo Bakanike mana. Shekara ashirin yana cikin baƙin mai, ya san kukan inji kamar yadda uwa ta san na ɗanta."

Gwarzon ya dube ta sheƙeƙe. Ya ce, "Hajiya, ki tsaya a kan ƙuli-ƙulinki. Ni da na shiga jirgin sama sau biyu, zuwa da dawowa, wani ne zai koya mini inji?"

Da haka ya yi azama, ya ɗaura ɗamara, ya tsallake nasiha kamar yadda ake tsallake kwata, ya hau gaban motar haya ya biya kujera biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta rigarsa.

Da hantsi ya dira a kamfani. Aka nuna masa shuɗiyar tana sheƙi, ledar kujerarta ma ba a ɓare ba. Ya zagaya ta sau ɗaya, sai zuciyarsa ta ɓaci, don da ya miƙe tsaye sai ya ga ya fi ta kwarjini. Ya hango kansa ya shiga gari da wannan ƴar mitsitsiya, mutanen ƙauyukan kewaye suna tambaya ko uwar tana tafe a baya. Abin da ya ƙarasa tunzura shi kuwa, da ya taya, sai ma'aikacin ya nuna masa takarda ya ce nan ba a ciniki, farashi ɗaya ne. A shari'ar Jatau kuwa, saye ba ciniki tamkar yaƙi ne ba abokin gaba. Ya kaɗa riga ya fita.

A bakin ƙofa, ƙarƙashin inuwar darbejiya, Sallau Dillali na tsugune irin tsugunon ungulu a bayan mahauta. Kallo ɗaya ya yi wa rigar ya san Allah ya kashe ya ba shi.

"Allah ya ja zamanin yallaɓai! Tun daga nesa na ce wannan ba a yi shi don kayan wasan yara ba. Ai da tsohuwar zuma ake magani."

Wannan magana ta shiga kunnen Jatau kamar ruwan sanyi a maƙogwaron mai azumi. Ya bi Sallau suka ratsa kasuwar ƴan ƙarafa, suka haura wani tudu mai tsawo, kuma a can ƙololuwa, ga ta nan tsaye: ja wur, gabjejiya, tayoyinta na baya sun fi ƙofar zaure tsawo, salansarta ta nufi sama kamar tana ƙalubalantar gajimare, hancinta na kallon gangare, an tokare tayar gaba da wani ƙaton dutse. Mai hankali zai tambayi dalilin tudun da dalilin dutsen. Sadaukai ba sa tambaya.

Sallau ya ce, "Ƴar ƙasar waje ce, yallaɓai. Wani tsohon Bature ne ke zagaya lambunsa da ita, shi ma ranar Lahadi kaɗai."

Nan Jatau ya shiga binciken da malaman inji za su daɗe suna mamakinsa. Ya shuri taya, ƙafarsa ta yi zafi, ya ce madalla. Ya ƙwanƙwasa murfin inji ya kara kunne kamar mai sayen kankana. Ya danna hon, ta yi wani kuka irin na saniyar da aka raba da maraƙinta, tsigar jikinsa ta tashi. Da ya janye hannu sai ya ga ja ya ɓata masa hannun riga, don fentin bai gama bushewa ba, amma shi jinin fagen fama ya ɗauke shi. Sallau ya ƙyafta ido, wani ƙato ya zare dutsen, direba ya saki birki, Jar ta gangara, ta yi tari, ta yi atishawa, ta yi gyatsa, can dab da gindin tudu ta fasa wata irin ruri, hayaƙi ya turnuƙe har masu shayin unguwar suka rufe kofunansu.

Sai aka ja dagar ciniki. Tun azahar ake gumurzu har la'asar sakaliya. Sau uku Jatau yana juya baya ya yi tafiyarsa, sau uku Sallau yana riƙo gefen rigarsa yana rantsuwa da kabarin kakarsa. Daga ƙarshe dillalin ya share idon da babu hawaye a ciki, ya ce, "Na sallama, amma ka cuce ni." Ya ɗora masa garma kyauta, ya kuma ce shi zai biya babbar motar da za ta kai ta har gida, don bai dace irin wannan amarya ta taka titi ba. Jatau ya sauko daga tudun yana jin bai taɓa yi wa ɗan Adam wayo irin na yau ba. Ya sayi abin da ya ninka shuɗiyar girma, ga rarar kuɗi ta isa rago da makaɗa.

Ranar Alhamis Kukar Zomo ta yi cikar kwari a bakin gonar ƙungiya. Aka jingina katakai a bayan babbar mota, direban Sallau ya gangaro da Jar a kansu, ta yi tarinta, ta kama ruri. Mata suka rangaɗa guɗa, makaɗa suka saki kalangu, awaki suka tsinke igiya suka shiga daji. Direban ya diro, ya raɗa wa shugaba a kunne, "Alhaji, in da hali kada a kashe ta." Bai jira rago ba, ya faɗa mota suka yi gaba ko waiwaye babu.

Jatau ya haye kujera ya miƙe tsaye don ya yi huɗubar nasara, wadda ya kwana biyu yana tsara ta. Ya buɗe baki, jama'a suka ga leɓe na motsi, amma ruri ya haɗiye balagar. Ya ƙara murya, jijiyar wuya ta fito, a banza. To, wane ne ƙarfe da zai yi magana shugaba na magana? Ya miƙa hannu ya murɗe makulli. Duniya ta yi tsit. Ya yi awa guda cur yana bayani a kan hangen nesa, da illar sababbin kayan zamani waɗanda duk roba ce, da falalar tura mutum mai ido kasuwa.

Da ya sauko, Hajiya Tabawa ta matso tana toshe hanci da mayafi. Ta ce, "Shugaba, mu shuɗiya muka aike ka. Ko a hanya ta nuna ta yi ja?"

Ya ce, "Hajiya, gobe ƙasa za ta ba ki amsa."

Washegari Juma'a aka wayi gari ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙu sharkaf, ƙamshinta ya cika gari. Wannan ita ce ranar da aka sayar da shanu dominta. Jatau ya hau, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Jar ta ce ƙyat. Ya sake murɗawa. Ko ƙyat ɗin ba ta maimaita ba. Garmar da aka bari a ɗage kuwa ta sauka da kanta ta kafe a ƙasa, aka ja wannan ƙarfe aka danna wancan, ta ce ba ta san zancen ba.

A nan ne gwarzon ya tuna tudu, ya tuna dutse, ya tuna katakai. Ya ɗaga kai ya dubi ƙasar kakanninsa gabas da yamma, ya gan ta shimfiɗe kamar faifai, babu abin da ya fi jujin bayan kasuwa tsawo. Da wani ne, da ya saduda. Shi kuwa ya gyara hula ya kwarara kira.

"Ina mazajen Kukar Zomo? Yau ake yin ta! Ku tura!"

Suka tuɓe riguna, suka yi sahu a bayanta, dattijo da matashi, kafaɗa a jikin ƙarfe, ƙafa a cikin taɓo. "Ku tura! Kada ku ba da maza! Saura ƙiris!" Ƙasa ta yi nishi, mazaje suka yi nishi, Jar ta motsa kamar mai jin nauyin zunubanta, garma na biye tana tsaga ƙasa da ƙarfin tuwon jiya. Shi kuwa shugaba yana bisa, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana murza shi dama da hagu da fuskar mai tuƙa jirgin ruwa a tsakiyar teku. Taku goma sha tara aka yi, sannan runduna ta zube gaba ɗaya tana haki.

Waɗanda suka ƙididdige hasarar wannan rana sun ce takalma bakwai taɓo ya haɗiye, wanduna uku suka yage a inda ba a faɗa, ladan ya gurɗe a ƙugu har sai da aka nemi wani ya kira sallar Juma'a. Jatau ya waiwaya ya ga layi ɗaya karkatacce a bayansa, ya ɗaga hannu sama.

"Allahu Akbar! Kun gani? Ko ba ta tashi ba huɗa take yi!"

Hajiya Tabawa ta aika aka kira Gambo Bakanike, wanda dama yana zaune a gindin kanya yana kallo tun safe. Ya zo ya ɗaga murfi, ya leƙa, ya tsoma yatsa a baƙin mai ya murza, sannan ya dubi Jatau.

"Alhaji, injin nan ya girme ni. Kayan gyaransa kuwa, kamfanin da ke yin su ya rufe tun ina goye."

"To me ke da kyau a jikinta?"

"Fenti, ranka ya daɗe. Shi sabo ne."

Aka kira wayar Sallau, aka ji ta a kashe. Jatau ya koma birni da kansa, ya haura tudun, ya tarar da wata koriyar tarakta a tsaye a gurbin Jar, an tokare ta da dutsen nan dai, masu wurin kuma suka ce ba su taɓa jin mai suna Sallau ba. Wani tsoho mai faci ya ce masa, "Alhaji, wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa."

Daminar nan Kukar Zomo da hannu ta yi noma. Mutanen da suka yi shekara goma ba su duƙa ba suka koma wa fartanya, rabin gonakin ba a taɓa su ba, taraktar haya kuma ta iso a lokacin da ta saba, ciyawa na gwiwa. Rumbuna da yawa ba su ga rabi ba. Aka sauke Jatau daga shugabanci a taron da bai kai tsawon shan furar mutum ɗaya ba, ya ce dama yana da niyyar hutawa.

Bayan kaka ƴan gwangwan suka zo da wutar yankan ƙarfe da sikeli. Suka yi wa Jar gunduwa-gunduwa a inda ta tsaya, a ƙarshen taku na goma sha tara, suna ɗorawa suna saukewa tun safe har rana ta karkata. Abin da aka samu ya sayi bijimi ɗaya, manoma arba'in da uku suka tsaya suna kallon sa, shi ma yana kallon su. Jatau dai bai bar gefen sikelin ba. Da babban ƴan gwangwan ya share gumi ya ce tun da yake sana'ar nan bai taɓa auna mushe mai nauyin wannan ba, sai fuskar sadaukin ta washe. Ya juya ya nemi taubashiyarsa a cikin taro.

"Kin ji ko, Hajiya? Da shuɗiyar taku ce, wallahi ko rabin wannan ba za ta auna ba."