Jawabin da Na Yi da Buta a Hannu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin gidan Alhaji Sale a Kibiya ba. Ko na so mantawa ma, mutanen garin ba za su bar ni ba.

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, ina kuma ba da hayar lasifika. Amma a zuciyata ni babban darakta ne wanda duniya ba ta gano ba tukuna. Na taɓa gani a waya yadda ake ba da babbar kyautar fim a ƙasar waje: fitilu ko'ina, jar darduma, mutum ya hau dandamali ya rungume wani ɗan abu na zinare yana ƙwalla. Tun ranar na kamu. In na hau babur daga Rano zuwa Rurum, duwatsun nan da gonakin dawa sai su zame mini fim, har kiɗan da zan sa musu nake ji. (Ba sau ɗaya na tsinci kaina a cikin gyaɗar mutane ba.)

Akwai kuma Rabi, ƙanwar amarya. Ina son ta ƙwarai, amma ban taɓa faɗa mata ba, balle mahaifinta. Gaisuwa kawai nake yi na sunkuyar da kai.

Ranar bikin na ɗaure lasifika a kan darbejiyar ƙofar gida, na ja waya zuwa ɗakin da ake ajiye hatsi, na jona komai. Babu wuta, mai janareta ya tafi neman fetur. Maza suna kan tabarmi ana cin abinci, malamin da zai yi wa'azin walima bai iso ba. Ni kaɗai ne a ɗakin. Wani siririn haske ya ratso ta hujin kwano ya sauka a kan buhuna, sai na ga buhunan nan sun zama manyan baƙi sanye da kwat. Na ɗauki makirfo da dama, na rungume wata butar roba da hagu.

"Jama'ar duniya," na ce, "ban san ta ina zan fara ba."

Ashe na sani. Na gode wa Allah, na gode wa mahaifiyata, na gode wa duwatsun Rurum. Can na ji wani ruri daga waje, na ɗauka tafi ne. (Janareta ne aka tayar.) Sai na ƙara sassauta murya.

"Wannan kyauta ba tawa ba ce. Ta matata ce, Rabi 'yar Alhaji Sale, wadda ta yi haƙuri da ni tun ba ni da komai sai babur. Rabi, tashi duniya ta gan ki."

Sai na ji muryata ta dawo mini daga kan darbejiya. Daga cikin gida wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Na so na shige cikin buhu na ɗaure bakinsa, amma ƙofar ɗakin ɗaya ce. Na fito, butar tana hannuna ban sani ba. Alhaji Sale ya yafito ni, na je na durƙusa.

"Malam Darakta, yaushe aka ɗaura auren ban sani ba?"

"Wallahi Baba, gwaji nake yi."

"To, na'ura tana aiki, ina jin har Yalwa sun ji." Ya gyara zama. "Ita kyautar ban san inda ake rabonta ba. Amma yarinya a zauren nan ake neman ta. Ka turo manyanka. Ka kuma ajiye mini butata, alwala zan yi."

Rabi ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba, don ƙawayenta sun mayar da sunanta Matar Darakta. Daga baya dai sunan ya tabbata, butar ma a cikin kayan ɗakinta ta zo.

Fim ɗin har yau ban yi shi ba. In na fara zancensa sai ta miƙo mini butar ta ce, "Ungo kyautarka, amma ka ciko ta kafin jawabi."

Mafarki ban daina ba. Sai dai yanzu nakan fara zare wayar lasifika.