Yadda Za Ka Ba Kumandan Sungumin Kakanka Kuma Ya Kwana a Gidanka

Kai da saƙon kumandan, Baturen mulki, ya iso ƙauyenku, aka ce duk gidan da ke da tsohon abu ya kai shi Dogon Dutsi a ajiye a ɗakin nan na kusa da biro, ofishin kumandan, wanda tafinta ke kira muze, kwantar da hankalinka. Ga hanya a matakai bakwai. Wanda ya bi ta daki-daki, na lamunce masa kumandan zai yi murna da shi, ƙafarsa ba za ta taka gidan kaso ba, kayan kakansa kuma ba za su bar gida ba. An jarraba ta a kan Maikano, mutumin wani ƙauye arewa da Matankari, ba ta kuwa saɓa ba ko a wuri ɗaya.

Mataki na ɗaya: Kada ka ce babu

Kalmar babu ita ke kawo masu gadin bariki su zazzage maka rumbu. Ka ce to, ka ƙara da godiya.

A gidan su Maikano akwai sungumin da kakan da ya kafa ƙauyen ya sara ramin shuka na fari da shi. Al'adarsu, idan ruwan fari ya sauka, ba mai sa ƙwayar hatsi a ƙasa sai mai riƙon sungumin ya sara rami uku a gonar gabas, babbar macen gidan ta zuba iri. Abin da duk ƙauye ya sani, tafinta ma ya sani. Tafintan, Tukur, bai ko sauko daga doki ba.

"Maikano, mun ji labarin sungumin gidanku."

"Wanne, ranka shi daɗe? Sungumi kam muna da su da yawa."

"Wanda kake fiddawa sau guda a shekara. Kumandan ya ba ka sati ukku."

"To, a gaishe da kumandan. Wagga girmamawa ce."

Ka lura da yadda ya yi maganar fuska a sake. Haka ake so.

Mataki na biyu: Nemi maƙerin da zai ji tsoro tare da kai

Maƙeri mai amana yana iya tuba wata rana ya faɗi gaskiya. Wanda ya san tare za a ɗaure ku ba ya tuba. Maikano ya je wurin Ɗantala, abokinsa tun suna kiwon awaki, ya shimfiɗa masa sungumin a gaban maƙera.

"Irinai nake so, har inda bakin ya karkace."

Ɗantala ya ɗaga shi ya juya. "In anka gane, wa za a fara kamawa?"

"Kai, tun da kai ka ƙera."

"Allah shi saka maka, Maikano. Kullum in alheri ya zo sai ka tuna da ni."

"Kada ka damu. In anka ɗaure mu, dutsen hanyar mota tare za mu fasa shi."

Kwana huɗu ya gama.

Mataki na uku: Tsufar da shi

Shekara ɗari ba ta da wuyar samu ga mai awaki. Ka turbuɗe ƙarfen a turke inda fitsari ke taruwa, kwana goma. Ƙotar kuwa ka rataye ta a madafa ta sha hayaƙi, ka shafe ta da man shanu da toka, sannan ka jingina ta kwana biyu kusa da shuri gara ta ɗan taɓa. Kwana biyu na ce. A na uku sai ka nemi wata ƙota.

Na gaskiyar ka cusa shi cikin jinkar rumbu, ka ja ciyawa a kai. Masana sun tabbatar cewa mutumin da ya ɓoye abu a jinka yakan kamu da ciwon ɗaga kai, saboda haka ka koyi wuce rumbunka kana kallon ƙasa.

Mataki na huɗu: Ba da labari

Bature ba ƙarfe yake so ba, labarin da ke bayan ƙarfen yake so. Ranar buɗe muze an tara hakimai, an jera 'yan lekol, wato 'yan makaranta, sun yi waƙa, an zaunar da masu kayan tarihi a tabarma, kowa ya tashi ya faɗi asalin abin da ya kawo, tafinta na juyawa. Wani ya kawo kwari da baka, wani sulke, wani tukunyar da ko shi bai san ta wace ce ba.

Da aka zo kan Maikano, ya yi niyyar jimla biyu. Amma da ya fara, sai ga labarin yana fitowa yadda ya ji shi daga bakin mahaifinsa: yadda kaka ya taso da mata ɗaya da jaki ɗaya, yadda ya sara rami uku ya zauna jiran ikon Allah. Labarin gaskiya ne, ƙarfen da yake nunawa kuwa bai cika wata ɗaya a duniya ba, kuma wannan ne ya sa muryarsa ta karye hawaye suka zubo. Kumandan ya cire hula. Nan take aka ba sungumin lamba ɗaya, aka sa shi cikin akwatin gilashi mai kwaɗo, aka ce kowace ranar kasuwa a buɗe ɗakin jama'a su shiga su gani.

Kuka yana da amfani a wannan mataki, sai dai ka auna shi.

Mataki na biyar: Kada na gida su sani

Asirin da ya shiga kunne uku, kafin la'asar yana bariki. Ka bar mutanenka su yi baƙin cikinsu. Maikano ya dawo ya tarar da ƙauye kamar an yi rashi. Dattawa suka zo yi masa jaje, mata suka aiko da fura ƙwarya-ƙwarya. Ya karɓi jajen, ya sha furar. Kai ma ka sha. Wanda ya ƙi furar jaje ana yi masa tambaya.

Mataki na shida: Idan ruwa ya sauka, ka yi haƙuri

A nan ne mai gaggawa ke ɓata aikinsa. Ruwan fari ya sauka ranar wata Talata da hantsi, ruwa mai nauyi har kwari ya cika. Ƙauyukan kewaye suka fantsama gonaki. A na su Maikano aka fiddo iri a ƙore, aka zauna ana kallon juna, domin a saninsu sungumi yana Dogon Dutsi. Gado mai gari ya hau doki ya tafi roƙon aro.

Sai yammacin Laraba ya dawo, hannu wofi. Kumandan ya ce abin da aka sa wa lamba ba ya fita. Amma al'adar ta burge shi ƙwarai, don haka ya haɗo mai gari da tafinta Tukur da littafi, ya zo ya rubuta yadda mutanen za su yi.

Safiyar Alhamis Maikano ya tafi gonar gabas ya cusa yatsa a ƙasa. Sai da ya kai gaɓa ta biyu ya ji danshi. Gobe sai ta uku, jibi babu, ruwa na biyu kuwa ba wanda ya san ranarsa. Gida sittin ke jira. Ya san in ya fiddo na jinka ya ce ga na kaka, tafinta na zaune a gindin gawo da alƙalami, shi da Ɗantala za su kwana a kaso. In ya yi shiru, ƙauye zai rasa shukar fari a kan abin da ke rataye taku goma daga ƙofar ɗakinsa. Ya tsaya a gonar har rana ta ɗaga.

Mataki na bakwai: Fiddo na gaskiya, ka ce na ƙarya ne

Ya zaro shi daga jinka, ya kawo gaban jama'a, ya ajiye.

"Jama'a, na sa Ɗantala ya ƙera wani irinai, don rana irin ta yau. Ku duba ko za mu lallaɓa da shi."

Dattawa suka kewaye shi.

"Wanga ko kama bai yi ba," in ji wani.

"Na kaka ya fi shi tsawo," in ji Gado. "Shekara arba'in ina ganinai, ba a ruɗe ni."

Tafinta ya ɗaga shi ya juya, ya yi dariya. "Ɗantala, ka yi ƙoƙari, amma hannunka bai kai na mutanen da ba. Ka taho muze ka ga aiki."

"Ina tahowa, ranka shi daɗe," in ji Ɗantala, idonsa a ƙasa. "An ce maƙerin can gwani ne."

Saura Gwaggo Ma'u, ƙanwar mahaifin Maikano, wadda ita ke zuba irin fari, idonta kuma ya daɗe da dushewa. Aka miƙa mata. Ta bi ƙotar da tafin hannu tun daga sama, ta tsaya a wani wuri da itacen ya lotsa, ta daɗe a nan.

"Sabo ne kam," ta ce da ƙarfi. Sannan ta jawo kunnensa. "Maƙerin naka har gurbin yatsan ubana ya ƙera. Sara, ɗan nan, ƙasa na bushewa."

Ya sara rami uku, ta zuba iri, gida sittin suka watse gonaki da gudu. Tafinta ya rubuta cewa mutanen sun yi da kwaikwayo, ya hau doki.

A nan matakan suka ƙare, kuma ka ci nasara.

Hatsin shekarar ya yi kyan da an daɗe ba a ga irinsa ba. Ranar da ake ɗaure dammuna, Gado ya dafa kafaɗar Maikano, ya ce, "Ashe kowane ƙarfe ma na yi. Shekara da shekaru muna ɓata wuni guda a banza." Gwaggo Ma'u ta rasu da rani. Da ruwan fari na gaba ya sauka, Maikano ya goge sungumin ya nufi gonar gabas, sai ya tarar kowa na gonarsa, wasu har sun kai rabi. Wani ya ɗago kai ya ce, "Baba Maikano, yau ka makara." Mutanen ƙauyen dai har yanzu, in sun je kasuwar Dogon Dutsi, sukan biya muze, su tuɓe takalmi a gaban akwatin gilashi.

Bayan shekara uku abin ya fi ƙarfin Maikano. Ya keɓe da Gado a zaure, ya faɗa masa komai, tun daga turken awaki. Gado ya saurara har ƙarshe, sannan ya dube shi da tausayi.

"Maikano, ka riƙa sa malafa in za ka shiga rana."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya nuna hanya ne kawai, kuma ya barranta daga duk abin da ya biyo baya, na fili da na zuci. Wanda barci ya ƙaurace wa, ko fura ta daina yi masa daɗi, ko ya yi niyyar tuba ya rasa wanda zai yarda ya yi laifin, kada ya zo ƙofata da ƙara. Ni kaina an shawarce ni da malafa.